Mai Shara a Bakin Farin Rairayi

Tun kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Sacramento
nake buɗe shagona,
a gefen titin da ya baro Alamogordo.
In rataye jan barkono igiya-igiya a ƙofa,
in jera taswira da ruwan gora
da faifan robar da yara ke sulu a kai.
Eufemia Baca, shekara talatin da ɗaya a kujera guda.

Motocin ne ke canjawa, tambayar tana nan.
"Mama, nan ɗin Amurka ce?"
Amurka ce, ɗana. New Mexico.
Tauraro na arba'in da bakwai a jikin tuta,
fadar gwamna tana Santa Fe, can arewa a kan tudu.
In zuba musu wake, in ce, "Ja ko kore?"
su yi zuru, ba su san barkono nake nufi ba.
Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Jiya wani yaro daga Ohio
ya manna hanci a gilashin taga:
"Dusar ƙanƙara a cikin wannan zafi?"
Na ce je ka cire takalmi ka taka.
Rana tsaka ba ya ƙona ƙafa.
Ba yashin kogi ba ne,
garin farin dutse ne, dangin wanda likita ke ɗaure karaya da shi.
Ruwa ya wanko shi daga tsauni,
tafki ya ƙafe ya bar shi,
iska ta zauna ta niƙa, ba ta gaji ba har yau.
Ƙadangarun ciki ma sun koɗe sun yi fari fat.
Tuddan kuwa tafiya suke,
inda ka bar su bara ba nan za ka same su ba.

Wata ranar sojoji kan tare titi don gwajin makamansu.
Awa guda ba gaba ba baya.
Allah ya yafe mini, ranar nake ciniki.

In sun gama sai in nuna musu hanya da ɗan yatsa:
ku bi gabas zuwa kogon Carlsbad,
da almuru jemagu ke fitowa kamar hayaƙin gobara.
In hunturu ne ku nufi kogin Rio Grande,
gauraka na sauka har su rufe ruwa.
Ina faɗa kamar na gani.
Ban taɓa gani ba.

Porfirio ne ya ce zai kai ni.
"Baɗi, Femia, in aiki ya yi sauƙi."
Aikinsa ture rairayi daga kan hanyar baƙi,
ya share da safe, iska ta mayar da dare.
Ya dawo gida fari a gira, fari a kunne,
fari a naɗin ƙafar wando,
ina mita ina kakkaɓe zanen gado.
Baɗin ta ci shekara ashirin,
sannan ta ci shi.

Doka ta hana ɗibar ko da cikin cokali,
amma kowa ɓarawo ne bai sani ba:
a safa, a aljihu, a gashin jariri.
Rabi ya bi su Tokyo da Chicago,
rabi ya zube a daɓen shagona.

Baƙo raɓa ne. Ƙarfe shida ba kowa.
In ɗauki tsintsiya.
Abin da suka biya kuɗin jirgi don su gani
shi nake tarawa a bayan ƙofa,
in juye a tsohon gwangwanin kofi na Porfirio.

Ran Lahadi, bayan coci,
nakan tuƙa zuwa tudun da ya fi so,
ko dai inda tudun ya koma,
in buɗe gwangwani in mayar wa mai abu abinsa.
Ba na daɗewa.
Sai na iso gida na cire takalmi
in ga ni ma na sato.